Sharhi: Direban babbar mota bai yi barci ba, wa ke biyan bashin gajiyarsa?

Duk wanda gidansa ko rumfarsa ke bakin kwalta a Ɗan Kassari ya san manyan motoci ba su da dare. Bayan isha'i ma suka fi yawa: tankokin mai daga Damagaram, kamiyon albasa daga Galmi da Madawa, siminti daga Malbaza, motocin shanu da na wake, wasu sun nufi Yamai, wasu za su karya a Doso su yi Gaya. Wagga hanya tamu, RN1, ita ce ta ɗinke ƙasar daga Yamai har Diffa. A kowane shinge ana duba takardun mota. Abu ɗaya ne ba a tambaya: awa nawa direban ya yi yana tuƙi, kuma yaushe rabonsa da barci. A kansa za mu tsaya yau, domin in direba ya zarce awoyin da jikin ɗan Adam ke iya ɗauka, tilas akwai wanda zai biya, kuma sau da yawa wanda ya ci bashin daban, mai biyan daban.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na kasuwa. Daga Damagaram zuwa Yamai kimanin kilomita 900 ne. Tanka cike da mai, ga ramuka, ga garuruwa, ga dabbobi, in ta riƙe kilomita 50 a awa tun daga farko har ƙarshe ta yi ƙoƙari. Ke nan awa 18 na tsagwaron tuƙi, ban da sallah, ban da abinci, ban da tsayuwa a wurin jandarma da dwan da peyaj. To mu ina muke cikin lissafin? Daga Damagaram zuwa nan kusan kilomita 600 ne, wato wajen awa 12 kan sitiyari. Direban da ya bar Damagaram ƙarfe 6 na safe, in ka ƙara masa awa uku na tsaye-tsaye, zai shigo Ɗan Kassari wajen ƙarfe 9 na dare. Idonsa biyu tun kiran asuba, awa 16 ke nan. Kafin ya wuce Dutsi ya kai Kore Mai Ruwa ya shiga ta 17 zuwa 18. Haka ma wanda ya wuni a wurin lodi a Yamai ya taso da la'asar: kilomita wajen 275 zuwa Dutsi, sai tsakar dare ta riske shi tsakaninmu da Ƙonni. Ko daga gabas mota ta fito ko daga yamma, a Arewa ne gajiya ke cim ma direba.

Awa 17 ɗin nan akwai dalilin ambatonta. A 1997 wasu masana a ƙasar Ostareliya sun gwada mutane, suka gano cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, lurarsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya har ya kai iyakar da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi a kanta. In ya kai awa 24, abin ya kusan ninkawa. Yawancin direbobinmu ba su taɓa kai giya baki ba, da za ka kira ɗayansu mashayi sai an raba ku. Amma kwalta ba ta bambance mai maye da mai jin barci. Abin da ya fi ban tsoro shi ne ɗan gyangyaɗin da mutum bai ma san ya yi ba. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowane sakan. In ido ya rufe sakan huɗu, ta yi kusan mita 90 babu mai tuƙa ta, da tan 30 ko 40 a bayanta. Ku auna mita 90 daga bakin hanya a garinku, ku ga rumfa nawa da masallaci nawa ke ciki. Kuma jiki yana da lokutan da yake neman kwanciya ko an so ko ba a so ba: daga ƙarfe 2 na dare zuwa asuba, sai kuma bayan azahar. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce barci ɓarawo ne.

Ƴan'uwanmu da ke Turai sun san yadda ake yi a can. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta ce direban babbar mota ba zai wuce awa 9 yana tuƙi a rana ba, sai sau biyu a mako da aka yarda ya kai 10. Bayan kowace awa huɗu da rabi tilas ya huta minti 45. A mako ba zai wuce awa 56 ba, a mako biyu kuma 90. Akwai wata na'ura a gaban motar, takogaraf, da ke rubuta kowane minti na tafiya da na tsayuwa. In ɗan sanda ya tare ka ya ga ka zarce, za a ci ka tara, a kuma ajiye motar nan inda take sai ka cika hutunka, ko da kayan na ruɓewa. A Faransa wanda ya yi wa na'urar maguɗi yana iya shan ɗaurin shekara ɗaya da tarar yuro 30,000, kusan miliyan 20 na sefa. Abin dariya, abin takaici: tsofaffin DAF da Renault da Mercedes da muke saye daga can da yawansu suna zuwa da na'urar a jikinsu. Tana nan a gaban direba, ƙura ta rufe ta, wani ma ya ɗauka rediyo ce da ta lalace.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu cikin wannan doka wani sashe ne da ba a cika ambata ba. Ta hana a biya direba gwargwadon nisan da ya ci ko yawan kayan da ya ɗauka in hakan zai sa shi yin ganganci. Ta ce kamfanin mota yana da alhaki kan laifin direbansa. Har mai kaya da dillalin da ya haɗa cinikin, an ɗora musu su tabbata lokacin isarwa da suka yanka bai saɓa wa awoyin hutu ba. Wato sun bi sawu har inda agogon yake.

Kada a ce wannan na Turawa ne. Gana, inda ƴaƴanmu da yawa suke a Ankara da Kumasi, ta sa a dokarta ta 2012 cewa direban motar haya ko ta kaya ba zai wuce awa huɗu a jere ba sai ya huta minti 30, kuma ba zai wuce awa takwas cikin awa 24 ba. Ko ana bin ta sau da ƙafa, wannan wata magana ce, waɗanda ke can sun fi mu gani. Direban albasarmu dai da ya shiga Gana ya sani yana ƙarƙashinta.

A nan gida muna da dokar hanya da aka sabunta a 2014, muna da hukumar ANISER mai aikin kiyaye haɗurra. Sai dai a bakin shinge abin da ake cewa shi ne kawo permi, kawo takardar mota, kawo asirans, kawo bizit. Babu takardar da ke nuna ƙarfe nawa ka taso. Don haka direban da ya yi awa 20 kan hanya, in dai takardunsa sun cika, sai a ɗaga masa igiya a ce Allah ya kiyaye. Hukuncin zarce awoyi a wurinmu ba ya zuwa sai bayan an ji ƙarar, kuma in ya zo yana da nauyi fiye da kowace tarar Turai.

Mu dubi abin da ke samun direban. In an rasa rai, jandarma za su tsare shi, a kai shi kotu da tuhumar kisa ba da gangan ba. Yana iya shan ɗauri, yana iya rasa permi, wanda shi ne gonarsa. In ya fito, labari ya riga shi zuwa tasha, masu motoci suna gudunsa. In kuwa shi ne ya karye ko ya rasu, a nan ne iyalinsa ke gano wani abu da ba su sani ba: asirans ɗin dole da ke kan mota, bisa dokar CIMA da Nijar ke bi tare da sauran ƙasashen sefa, tana biyan waɗanda motar ta ji wa ciwo ne, ba ta biyan wanda ke tuƙi. Shi hakkinsa yana wurin asusun ma'aikata, CNSS, a matsayin haɗarin aiki, in mai mota ya yi masa rajista yana kuma zuba masa kuɗi. Direbobi nawa ne aka yi wa? Da yawansu da baki aka ɗauke su aiki, da baki kuma ake sallamarsu. Sai ka ga mutumin da ya yi shekara 15 yana ciyar da gida biyu ya dawo ƙauye da sanda, abin da ya samu daga uban gidansa bai wuce kuɗin magani na wata ɗaya da buhun gero ba. Mai mota ma ya yi asara, ba mu ce bai yi ba: mota ta tafi, kaya sun zube, wataƙila da bashin banki a kansa. Amma shi a gidansa yake kwana.

To wa ke hana direban tsayawa? In kun zauna da su wurin mai shayi za ku ji amsa kusan iri ɗaya. Albashin wata kaɗan ne, abin da ke riƙe gida shi ne kuɗin hanya da ake ba shi a kowace tafiya, da ɗan abin da ya rage bayan shingaye sun ci nasu. Tafiya uku a wata ta fi biyu, wannan ko yaro ya sani. Kowane dare da ya kwana a hanya, abincinsa da na yaron mota da kuɗin mai gadi daga aljihunsa suke fita. Ga wayar salula, wadda ta zama bulala: mai mota na kira, mai kaya na kira, dillali na kira, kowa tambayarsa ɗaya, ina ka kai? Mai albasa yana da hujjarsa, don albasar Galmi da aka loda cikin zafin Afrilu ba ta jiran kowa, kwana ɗaya na ƙari yana iya rage kuɗin buhu a Abijan ko Ankara. Mai shanu ma haka, dabba na ramewa a mota. Kowa da gaskiyarsa, amma duk gaskiyar nan a idon mutum ɗaya take taruwa.

Tun sauyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma abin ya ƙara tsanani. Takunkumin CEDEAO da rufe gadar Gaya da Malanbil sun katse hanyar Kwatano, mai kimanin kilomita 1,000 zuwa Yamai, wadda direbobinmu suka sani kamar tafin hannunsu. Kaya suka koma bin Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji. Direba kan yi makonni yana jiran ayari ya tashi, yana cin guzurinsa a zaune. In an tashi kuma ba shi ke zaɓen wurin tsayawa ba, ba kuma hanyar da mutum zai ce bari in ɗan kishingiɗa ba ce, an kashe direbobi a kanta. Wanda ya fito daga wannan, aka ce ya wuce da kayan Maraɗi ko Damagaram, yana zuwa mana da gajiyar makonni da kuma niyyar rama lokacin da ya ɓata. A nan Arewa ma matsalar tsaro ta sa ba kowane direba ke yarda ya kashe mota a daji da dare ba. Ko barci ya kama shi tun Bolbol, sai ya ce bari in lallaɓa in kai Dutsi. In ya kai Dutsi bai sami wurin tsayawa ba, sai ya ce bari in kai Ƙonni, kilomita wajen 145 a gaba. Mu ne a tsakiyar wannan "bari in kai".

Dabarun da ake yi don cin wannan tazara su ma suna da nasu hukunci. Goro da shayi mai kauri da Nescafé suna ɗan jinkirta barci, ba sa biyan bashinsa. Tramol kuwa ya fi muni, don yana ɓoye wa mutum gajiyarsa ne, jiki ya mutu amma zuciya na cewa da sauran ƙarfi, ga kamu da yake yi, ga farfaɗiyar da yakan jawo in an sha da yawa. Wanda aka kama da shi ya ƙara wa kansa shari'ar ƙwaya a kan ta hanya. Sai kuma dabarar da kowa ya sani ba a faɗi: a miƙa wa yaron mota sitiyari ƙarfe 3 na dare, maigida ya kwanta a baya. Yaron bai da permi, shi ma tun asuba yake ɗaure tanti da canza taya. In abu ya faru a hannunsa, kamfanin asirans zai biya waɗanda aka ji wa ciwo, sannan yana da damar juyowa ya nemi kuɗinsa wurin mai mota. Daga nan shari'a tsakanin mai mota da direba, zumuncin shekaru ya watse.

Mu kuma na bakin hanya namu kason a fili yake. Mai amalanke da ke dawowa daga kasuwa da magariba ba fitila, ɗan kabu-kabu, yara masu tsallakawa zuwa lakwal da sassafe, daidai lokacin da direban da ya kwana tuƙi ya fi rauni. Ga motar da ta lalace aka bar ta kan kwalta da ƴan rassan itace a matsayin alama, wadda mai ido biyu ma da ƙyar yake gani. Wanda ya ji rauni mai tsanani a nan sai an kai shi Dutsi, wani sa'in a wuce da shi Doso ko Yamai ko Galmi, kuɗin duk a kan dangi. Sau da yawa kuma iyalan mamaci sukan ce ƙaddara ce, mun yafe. Yafiya halin kirki ce, ba mu da ta cewa a kanta. Sai dai a sani, yafe wa direba daban, barin hakkin marayu a hannun kamfanin asirans daban. Kuɗin nan an riga an biya shi don irin wannan rana. In ba a bari jandarma sun yi rahoton haɗarin ba, in ba a karɓi takardar likita ba, babu abin da za a nema da shi daga baya.

Wata magana kuma ta musamman ga ƴan'uwa da ke Lome, Kwatano, Abijan, Legas da sauran wurare, masu karanta mu a waya. Da yawanku Allah ya buɗa muku kun sayi mota, kun ba ƙane ko ɗan'uwa yana ja. Ku ne masu agogon. In ka kira shi ƙarfe 11 na dare ka ji yana kan hanya, kalmar da za ta fito bakinka tana da nauyi fiye da ta kowane jandarma. In ka ce gobe da safe nake son jin ka sauke, ka yanke masa hukuncin kwana tuƙi. In ka ce nemi gari ka kwanta, kuɗin kwana a kaina, jikka biyu ko uku ne ka kashe. Kuma rajistar CNSS da direba na biyu a doguwar tafiya, in aka auna su da kuɗin tirela ɗaya, ba su kai kuɗin tayoyinta ba.

Wasu na cewa a hana manyan motoci tafiyar dare kawai a huta. Senegal ta gwada irin wannan ga motocin fasinja: bayan haɗarin Sikilo kusa da Kaffrine ranar 8 ga Janairu 2023, inda motocin safa biyu suka yi karo cikin dare mutum fiye da 40 suka rasu, gwamnati ta hana jigilar fasinja tsakanin garuruwa daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba, tare da wasu matakai. Ba a jima ba masu sufuri suka shiga yajin aiki. A ganinmu, ga motocin kaya a ƙasa irin tamu, wannan kaɗai ba zai yi ba. Direbobi suna son dare ne don daga Maris zuwa Mayu kwalta da rana tana fasa taya, injin na zafi, dabbobi na galabaita. In ka hana dare ba ka rage awoyi ba, ka tura mutum ya yi awa 16 cikin rana ne, ya ratsa kasuwanni lokacin da suka fi cika.

Abin da muke ganin zai yiwu ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Mota tana tsayawa a peyaj da shingaye ko ta so ko ba ta so ba. Da za a ba kowace babbar mota takardar tafiya, a buga mata hatimi da ƙarfe nawa a Damagaram, a Maraɗi, a Ƙonni, jami'in da ke Dutsi ɗebewa kawai zai yi ya san ko mutumin nan ya kwanta. Wanda ya zarce, a ajiye motar sai ya yi barci, tarar kuma a rubuta ta da sunan mai mota, don shi ne zai iya canza lokacin isarwa. Mun san abin da masu saurare za su ce, kuma da gaskiyarsu: kowace sabuwar takarda a hanyar nan tana iya zama sabuwar ƙofar na goro. In tara ce ta hannu da hannu, direba zai biya daga kuɗin hanyarsa ya wuce, ya ƙara gudu don ya rama. Shi ya sa ajiye motar ya fi tarar amfani, don barci ba a miƙa shi ta taga. Ƙungiyoyin direbobi ma suna da ta cewa a nan. Sun iya tsayar da aiki kan yawan shingaye da tsaron hanya, ya kamata awoyin hutu da kuɗin kwana su shiga cikin abin da suke nema a rubuce.

Sai dai ba a cewa mutum tsaya in babu inda zai tsaya. Yau direban da ya ga dama ya kwana a Ɗan Kassari, a gefen kwalta zai ajiye motar, rabinta a kan hanya, ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashinta, yana barci da kunne ɗaya saboda ɓarayin gazuwal da batir. Wannan kuwa aiki ne da bai fi ƙarfin komin ba. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, kantomomi ne ke riƙe da su, kuma shawara irin wannan ba ta buƙatar jiran Yamai. Fili muna da shi. Abin da ake nema shi ne a share wuri nesa kaɗan da kwalta, a kewaye, a sa fitilar sola, pampo, ban ɗaki, ɗan masallaci da masu gadi, a yanka kuɗin kwana guda ɗaya sananne da rasit. Masu tuwo da masu shayi da masu faci za su bi motocin da kansu. Tsakanin Dutsi da Ƙonni, komin da ta riga yin wannan ita za ta ci kasuwar.